Na'urar MRI da cututtukan idon yara: Abin da take nunawa da inda ake samunta

Likitocin ido sun daɗe suna gargaɗi cewa farin ɗigon da kan bayyana a tsakiyar baƙin idon ƙaramin yaro, wanda kan yi ƙyalli kamar idon kyanwa da dare, ba abin da za a zuba wa ido ba ne.

Sau da yawa yanar ido ce da aka haifi yaron da ita, ko wata cuta da ba ta kisa. Amma a wasu lokuta alama ce ta cutar dajin ido, wadda likitoci ke kira retinobilastoma, kuma ita ce cutar dajin da ta fi kama cikin idon yara a duniya.

Idan aka tabbatar da cutar, tambayar da ke biyo baya ita ce ko tana nan cikin ƙwayar ido, ko kuwa ta fita ta kama hanyar ƙwaƙwalwa. Amsar wannan tambaya ce ke nuna irin maganin da za a yi, kuma na'urar ɗaukar hoto ta MRI ce ta fi kowace iya bayar da ita.

Sai dai ga iyalan da ke zaune a ƙananan hukumomin Talata Mafara da Bakura da Maradun a jihar Zamfara, kai yaro gaban wannan na'ura na nufin barin gida da gona, a nufi babban birni. Shi ya sa yake da muhimmanci a san abin da take iya yi, da wanda ba ta yi, da kuma lokacin da bai kamata a tsaya jiranta ba.

Yadda na'urar ke aiki

MRI ba ta amfani da irin hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi. Babban maganaɗisu ne mai siffar bututu, wanda ake kwantar da mutum a kan gado a tura shi ciki.

Mafi yawan jikin ɗan Adam ruwa ne da kitse, kuma dukansu na ɗauke da sinadarin haidirojin. Idan jiki ya shiga cikin maganaɗisun, sai ƙwayoyin wannan sinadari su jeru su fuskanci waje guda, kamar yadda allurar kamfas ke fuskantar arewa.

Daga nan sai na'urar ta aika musu da igiyar rediyo ta ture su daga jerin. Yayin da suke komawa yadda suke, sukan saki wani ɗan ƙaramin saƙo, wanda kwamfuta ke tattarawa ta mayar da shi hoto.

Da yake ruwa da kitse da tsoka da jijiya da ƙari kowanne da irin saurin komawarsa, sai kowanne ya fito da kamanninsa dabam a hoton. Wannan ne ya sa MRI ta yi fice wajen nuna sassan jiki masu laushi.

Ana auna ƙarfin maganaɗisun da ma'aunin da ake kira tesla. Na'ura mai tesla 1.5, wadda ita ce aka fi amfani da ita a manyan asibitocin duniya, ta ninka ƙarfin maganaɗisun ƙasa kusan sau 30,000.

Masana biyu, Paul Lauterbur na Amurka da Peter Mansfield na Birtaniya, su ne suka sami lambar yabo ta Nobel a fannin likitanci a shekarar 2003 saboda binciken da suka yi a shekarun 1970 wanda ya share fagen ƙera ta.

Abin da likita ba ya iya gani

Ƙwayar ido na zaune ne a cikin kwarmin ido, wani kogon ƙashi mai faɗin baki da tsukakken ƙarshe. A bayanta akwai kitse da tsokokin da ke juya ido da hanyoyin jini, sai kuma jijiyar gani, wadda ke ɗaukar saƙo daga ido ta ratsa wata ƙaramar kafa zuwa ƙwaƙwalwa.

Likitan ido na iya ɗiga magani ya buɗe baƙin ido, ya haska fitila ya ga tantanin da ke lulluɓe da bayan ido daga ciki, wanda a kansa ne cutar dajin ke tsirowa. Abin da ba zai iya gani da fitila ba shi ne abin da ke bayan ƙwayar idon.

Akwai kuma wani dalili da ya sa hoto ke da muhimmanci a wannan cuta fiye da sauran. A yawancin cututtukan daji akan yanki ɗan nama a kai ɗakin gwaji kafin a fara magani. A dajin ido kuwa likitoci na guje wa soka allura cikin ƙarin, saboda hakan na iya buɗe wa ƙwayoyin cutar hanyar fita daga ido.

Ke nan da duban likita da kuma hoto ake yanke hukunci.

Hoton MRI na nuna ko ƙarin ya kutsa cikin jijiyar gani, da nisan da ya yi a cikinta, da ko ya huda bangon ƙwayar ido ya shiga kwarmi. Yana kuma nuna ƙwaƙwalwa, inda a wasu yara ƙalilan masu nau'in cutar na gado wani ƙarin dabam kan tsiro a tsakiyarta.

Idan cutar na cikin ido kaɗai, cire idon kan wadatar, a wasu lokuta ma akan ceto shi da magani. Idan ta fita, akan fara da alluran kashe ƙwayoyin daji kafin tiyata, wani lokaci a biyo da gashi. Likitan da zai cire ido kuma yana bukatar sanin halin da jijiyar ke ciki tun kafin ya sa wuƙa.

Bambancinta da sikanin da CT

Akwai hanyoyi uku da aka saba ɗaukar hoton ido da su, kuma kowace da ranarta.

Ta farko ita ce sikanin mai aiki da sauti, irin wanda ake yi wa masu juna biyu. Ba shi da tsada, ba ya cutarwa, kuma yana nuna ƙari a cikin ido tare da ɗan taurin alli da dajin ido kan tara, wanda ke taimakawa wajen bambanta shi da wasu cututtuka. Sai dai ba ya leƙa can ƙarshen kwarmi ko cikin ƙwaƙwalwa.

Ta biyu ita ce na'urar CT, wadda ke gama aiki cikin 'yan mintoci, ta kuma fi kowace nuna ƙashi da ƙarfe. Matsalarta ita ce tana amfani da haske mai ratsa jiki.

Kimanin kashi 40 cikin 100 na yaran da ke da dajin ido na ɗauke da matsalar ce a ƙwayar halittarsu ta gado, wadda aka gano a shekarar 1986 aka sa mata suna RB1. Irin waɗannan yara na da haɗarin kamuwa da wani dajin idan sun girma, kuma wannan haske na ƙara haɗarin. Saboda haka ne ƙwararru suka fifita MRI a kan CT a wannan cuta, duk inda ake da zaɓi.

Amma akwai yanayin da MRI kan zama haɗari. Idan ana zaton ɓarɓashin ƙarfe ko harsashi ya shiga ido, ba a kusantar maganaɗisu da mutum, domin yana iya jan ƙarfen ya ƙara yaga idon. A irin wannan hali CT ake yi.

Wannan ƙa'ida na da muhimmanci a Zamfara, inda shekarun hare-haren 'yan bindiga suka bar mutane da dama, har da yara, da raunukan harbi. Wajibi ne iyaye su shaida wa ma'aikata duk wani tsohon rauni irin wannan kafin a shiga ɗakin hoto.

Sauran cututtukan kwarmin ido

Ba dajin ido kaɗai ke turo idon yaro waje ba. Kwarmin ido wuri ne matsattse, don haka duk abin da ya tsiro a ciki sai ya tura ƙwayar idon gaba.

Ɗaya daga cikin abubuwan da suka fi jawo haka shi ne ƙwayoyin cuta da kan tsallako daga kogon hanci bayan mura mai tsanani. Ido ya kumbura ya yi ja, ga zazzaɓi. Wannan lamari ne na gaggawa da ke bukatar kwantarwa a asibiti. Akan fara da CT idan ana neman inda mugunya ta taru, a nemi MRI idan ana tsoron ta haura ƙwaƙwalwa.

Akwai kuma dajin Burkitt, wanda wani likitan tiyata mai suna Denis Burkitt ya yi bayaninsa a Yuganda a shekarar 1958. Yakan kama muƙamuƙi ko ciki ko kwarmin ido, yana girma cikin makonni, kuma ya fi yawa a yankunan Afirka da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu. Duk da saurinsa, yana daga cikin cututtukan dajin da suka fi jin magani idan an fara da wuri.

Sai dajin tsoka, wanda kan tsiro a tsokokin da ke kewaye da ido, da ƙarin da kan fito a jikin jijiyar gani kanta ya riƙa rage gani a hankali, da kuma tarin ƙananan hanyoyin jini da kan fito wa jarirai a fatar ido, wanda tun daga shekarar 2008 ake maganinsa da wani maganin hawan jini mai suna firofiranolol.

Wani lokacin kuma akan haifi jariri da ƙullutu a gefen ido kusa da karan hanci. Yana iya zama 'yar jakar maiƙo marar illa, yana kuma iya zama wani ɓangare na ƙwaƙwalwa ko rigarta da ya leƙo ta wata kafa a ƙoƙon kai. Daga waje suna iya kama da juna. Hoto ne ke raba su, kuma tsaga irin wannan ƙullutu a gida na iya halaka jaririn.

Tazarar da jinkiri ke haifarwa

Cutar dajin ido kan sami kusan jariri guda a cikin kowane 15,000 zuwa 20,000 da aka haifa, kuma yawanci tana bayyana kafin yaro ya cika shekara 5. Yawanta bai bambanta sosai tsakanin ƙasashe ba. Abin da ya bambanta shi ne lokacin da ake kai yaro asibiti.

Wani babban bincike da aka wallafa a mujallar JAMA Oncology a shekarar 2020 ya duba yara 4,351 daga ƙasashe 153 da aka gano suna da cutar a shekarar 2017.

Binciken ya nuna cewa a ƙasashe masu arziki akan gano cutar yaro yana da kimanin wata 14, yayin da a ƙasashe mafi talauci sai ya kai kusan wata 30. A ƙasashe masu arziki fiye da kashi 98 cikin 100 na yaran an same su cutar ba ta fita daga ido ba. A ƙasashe mafi talauci kuwa, kusan rabinsu ta riga ta fita.

Da aka bi sawun yaran har shekara 3, sakamakon da aka wallafa a mujallar Lancet Global Health a 2022 ya nuna cewa kashi 99.5 cikin 100 sun rayu a ƙasashe masu arziki, kashi 80 a rukunin ƙasashe masu matsakaicin ƙarfi na ƙasa-ƙasa, inda Najeriya take, sannan kashi 57 a ƙasashe mafi talauci, rukunin da ya haɗa da Nijar. Waɗannan alƙaluma na rukunin ƙasashe ne gaba ɗaya, kuma na yaran da suka isa asibiti ne kaɗai.

A shekarar 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta ƙaddamar da wani shiri da ke son ganin aƙalla kashi 60 cikin 100 na yara masu cutar daji a duniya suna rayuwa kafin shekarar 2030. Dajin ido da dajin Burkitt na cikin cututtuka 6 da shirin ya sa a gaba, saboda ana iya warkar da su.

Daga Mafara zuwa ɗakin hoto

Talata Mafara da Bakura da Maradun yanki ne na manoma, wanda madatsar ruwa ta Bakolori da aka kammala a shekarar 1978 a kan kogin Sakkwato ke shayar da gonakinsa na noman rani. Garin Talata Mafara na kan babbar hanyar da ta haɗa Gusau da Sakkwato, kuma daga can zuwa kowanne cikin biranen biyu tafiyar kusan kilomita 100 ce.

Yaron da aka ga alama a idonsa a wani ƙauye na yankin zai fara ne daga asibitin sha-ka-tafi ko babban asibitin ƙaramar hukuma. Daga nan akan tura shi Gusau, inda Cibiyar Lafiya ta Tarayya da Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura suke, ko kuma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, wanda ke da sashen ido da na tiyatar ƙwaƙwalwa da na gashin cutar daji.

Gaba da nan akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika kusa da Zariya, da Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Asibitin Ido na ECWA, dukansu a Kano.

Ƙarancin na'urar MRI ba matsalar Zamfara kaɗai ba ce. Wani bincike da Farfesa Godwin Ogbole na Jami'ar Ibadan da abokan aikinsa suka wallafa a shekarar 2018 ya ƙirga na'urori 84 a duk faɗin Afirka ta Yamma, 58 daga ciki a Najeriya. Wato a lokacin mutum miliyan uku ba su cika samun na'ura guda ba, alhali a Japan kowane mutum miliyan guda na da fiye da 50.

Binciken ya kuma gano cewa 45 daga cikin na'urorin Najeriya masu ƙaramin maganaɗisu ne. Irin waɗannan na nuna babban ƙari da ƙwaƙwalwa, amma ba su kai manyan ba wajen nuna ɗan ƙaramin kutse a jijiyar gani, wadda kaurinta bai wuce 'yan milimita ba.

Dalilan ƙarancin a bayyane suke. Ban da tsadar saye, babbar na'ura na bukatar wutar lantarki da ba ta yankewa, da ruwan sinadarin hiliyom da ke sanyaya maganaɗisun zuwa digiri 269 ƙasa da sifili, da injiniyoyin gyara, da kuma likitan da ya ƙware a karanta hoton idon yara.

A ɓangaren iyaye kuma akwai kuɗin mota da na masauki da na hoton kansa, ga rashin tsaro a hanyoyin ƙauyuka, musamman a yankin Maradun. A farkon shekarar 2024 gwamnan jihar, Dauda Lawal, ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin lafiya saboda halin da ya ce ya tarar da asibitocin jihar a ciki.

Abin da iyaye za su tarar

Ɗaukar hoton ido da ƙwaƙwalwa kan ci minti 30 zuwa sa'a guda, kuma motsi kaɗan na ɓata shi. Ga shi na'urar na da ƙara mai ƙarfi, har sai an toshe kunnuwa. Don haka ƙananan yara kusan duka sai an sa su barci da magani a ƙarƙashin kulawar ƙwararre, kuma za a faɗa wa uwa sa'o'in da za ta dakatar da abinci da nono kafin lokacin.

Akan yi wa yaron allurar wani ruwa ta jijiya domin ƙarin ya fito fili, wani lokaci bayan an duba lafiyar ƙodarsa.

Ba a shiga ɗakin da ƙarfe ko kaɗan. 'Yan kunne da awarwaro da fil da makulli da kuɗin ƙarfe da wayar salula duk a waje ake barinsu, haka ma laya ko guru da ke jikin yaro. Ana kuma so a wanke masa kwalli tas, domin abin da ake shafawa a ido na iya jirkita hoton.

Hoton ba ya ciwo, ba ya kuma magani. Aikinsa nuna wa likita hanya ne kawai.

Matakin da ya riga hoto

Ƙwararru na jaddada cewa rashin MRI a kusa ba dalili ba ne na jinkirta magani. Likitan ido mai fitila da na'urar sikanin na iya gano dajin ido, kuma idan samun hoton zai ɗauki watanni, shi ne zai auna ko a ci gaba da abin da ake da shi a hannu. Bayan an cire ido akan kai shi ɗakin gwaji a duba jijiyar, wanda shi ma ke nuna ko ana bukatar ƙarin magani.

Gwajin farko ma bai bukatar babbar na'ura. Idan aka haska fitilar duba ido a ɗaki mai ɗan duhu, lafiyayyen ido kan mayar da haske ja ko ruwan goro, iri ɗaya a idanu biyu. Idan ɗaya ya mayar da fari, ko ya ƙi mayar da komai, to a tura yaron wurin likitan ido ba tare da ɓata lokaci ba.

Masu bincike a Jami'ar St Andrews da ke Sikotilan sun taimaka wajen samar da wata ƙaramar fitila mai rahusa da ake kira Arclight, wadda ake caji da hasken rana, domin ma'aikatan lafiya na karkara su riƙa yin wannan gwaji, alal misali a ranar allurar rigakafi.

A gida ma uwa ko kaka ce kan fara lura. Alamomin da ba a jira da su sun haɗa da farin ɗigo a baƙin ido, ko da a hoton waya mai walƙiya kaɗai yake fitowa, da harara-garke da ta bayyana daga baya, da ido mai ja da ciwo da ya ƙi jin magani, da kuma idon da ya fara turowa waje. Ɗiga ruwan ganye ko wani haɗi na gida ba ya taɓa ƙarin da ke bayan ido, sai dai ya cinye makonnin da ake bukata.

Idan an tabbatar da cutar a jikin yaro, ya kamata a duba ƙannensa da yayyensa ƙanana. Mutumin da ke ɗauke da nau'in gado na da yiwuwar kashi 50 cikin 100 ya gadar wa kowane ɗa da ya haifa. Daga uwa ko uba guda ake gadonta, don haka ba sai an yi auren zumunci take bayyana ba, kuma ba ta yaɗuwa daga wani yaro zuwa wani.

Babban abin da ke girgiza iyaye shi ne jin cewa za a cire wa ɗansu ido, har wasu kan ɗauke shi su koma gida, su dawo bayan watanni ƙarin ya riga ya fita. Likitoci na bayyana cewa idon da ƙari ya cika yawanci ya riga ya daina gani, kuma bayan raunin ya warke akan sa wa yaro idon roba mai kama da ɗayan. Yaro mai lafiyayyen ido guda na iya karatu da noma da kowace irin sana'a.

Idan an sami hoton MRI, likita na iya nuna wa iyaye inda ƙarin ya tsaya da kuma tazarar da ta rage tsakaninsa da ƙwaƙwalwa, abin da kan sauƙaƙa musu fahimtar dalilin da ya sa ake gaggawa.